Hoton ya fi jakar kyau, masu saye suna dawo mini da kaya

Assalamu alaikum Anti. Ina ɗinka jakunkunan fata na mata, ina sayarwa ta Instagram da WhatsApp, shekara biyu ke nan. Da can da wayata nake ɗaukar hoton kayan, a kan gado ko kan tebur, da dare idan na tashi daga aiki. Hotunan sukan fito da duhu, ciniki kuma yana tafiyar hawainiya. Wata uku da suka wuce ƙanin maigidana, wanda ɗaukar hoto ce sana'arsa, ya ɗaukar mini jaka goma sha biyu a sutudiyonsa, na biya shi kuɗinsa cif. Wallahi da na ga hotunan sai da na ce anya ni na ɗinka waɗannan? Oda ta yi ta shigowa. To ga inda gizo ke saƙar: mutum biyar sun dawo da kaya. Huɗu sun ce launin ba shi ba ne, domin jakar da take ruwan ƙasa mai duhu ta fito a hoto kamar ruwan zuma tana sheƙi. Ta biyar ta ce ta ɗauka babba ce sai ta ga 'yar mitsitsiya. Ɗaya daga cikinsu ta rubuta a ƙarƙashin hoton, kowa yana gani, wai ni macuciya ce. Ranar kwana na yi ina kuka. Da na yi wa ƙanin mijin nawa magana sai ya ce haka ake yi, hoton talla dole ya fi kaya kyau, ni ce ban san aikin ba. Ya kuma manna tambarinsa a kan kowane hoto, ya ƙi ba ni na asali. Ina jin nauyin matsa masa saboda maigida. Anti, in koma wa wayata ne, ko in ci gaba da hotunansa in riƙa ba masu ƙorafi haƙuri?

Mai ɗinkin jaka

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki share hawayenki tukuna. Macuci shi ne wanda ya san abin da yake yi, ya kuma yi shi da gangan, ke kuwa wasiƙarki ta nuna ba ki taɓa nufin yaudarar kowa ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, matar nan ta yi kuskure wajen sunan da ta kira ki da shi, amma ba ta yi ƙarya a kan abin da idonta ya gani ba. An nuna mata ruwan zuma, ta biya kuɗin ruwan zuma, aka kawo mata ruwan ƙasa. Ba ta san akwai wani ƙanin miji a tsakani ba, kuma ba ruwanta da shi. Sunanki ne a saman shafin.

Don haka kafin mu shiga zancen waya ko sutudiyo, akwai abin da za ki yi yau ɗin nan. Ki ɗebo jakunkunan da suka rage a hannunki, ki zauna kusa da taga da rana, ki buɗe hoton kowace a wayarki ki ajiye kusa da ita. Duk wadda kika ga hoton ya yi hannun riga da jakar, ki sauke shi daga shafin. Na san da ciwo, tunda su ne suka jawo miki oda. Amma mutum biyar ɗin nan su ne waɗanda suka iya buɗe baki. Akwai waɗanda suka buɗe kwali, suka taɓe baki, suka jefa jakar cikin durowa, ba za su ce miki uffan ba, kuma ba za su sake saye ba. Asarar waɗannan ta fi yawa, domin ba ki ma san da su ba balle ki ba su haƙuri.

Ki tuna abin da mai saye take yi idan jaka tana gabanta. Za ta ɗaga ta ji nauyi, ta juya baya, ta zuge zif ta leƙa ciki, ta rataya a kafaɗa ta ga inda ta tsaya mata, wata ma sai ta fita da ita bakin ƙofa don ta ga launin a hasken rana. Wadda ke saye ta intanet ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, cinikin biri a sama take yi. Hotonki ne hannunta, shi ne kuma idonta. Idan hoton ya ƙara wa jakar abin da ba ta da shi, ranar da kaya suka iso za a yi hisabi, kuma a kanki za a yi shi.

Ƙanin mijinki yana da rabin gaskiya. Akwai hoton da aikinsa ya tsayar da mai wucewa, irin wanda ake yi wa kwalliya da inuwa da furanni da hasken da ke sa abu ya yi ta walƙiya. Wannan shi ne ya ƙware a kai, kuma ga alama hannunsa yana da kyau. Akwai kuma hoton da mai saye take dubawa lokacin da ta kusa tura kuɗi, wanda aikinsa ya amsa mata tambaya. Kuskuren da aka yi shi ne an ɗora na farko a gurbin na biyu. Dubi yadda manyan kasuwannin intanet suke yi. Amazon ba ya karɓar babban hoton kaya sai bayansa fari fat. Kayan su cika kusan kashi 85 cikin ɗari na hoton, babu rubutu, babu tambarin kowa a kai, babu wani abin da ba a sayar da shi tare da kayan. Sai kuma ɓangaren hoton da ya fi tsawo ya kai fiksel 1000, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, kafin mai saye ya iya zuƙowa ya duba saƙa da ɗinki. Ba don ba su san kwalliya ba suka kafa wannan doka. Sun san duk kayan da aka dawo da su akwai kuɗin aikawa da na dawowa da suka salwanta, ga mai saye da ya ɓata rai. Ke ba a can kike sayarwa ba, amma asarar iri ɗaya ce, kuma ke ba ki da aljihun da zai shanye ta.

Yanzu bari in tsaya a kan launi, don nan ne ciwon yake, kuma idan kin gane yadda abin yake faruwa ba mai sake ce miki ba ki san aikin ba.

Haske ba fari ba ne kamar yadda muke zato, kowane haske da irin launinsa. Ana auna shi da ma'aunin Kelvin. Kwan fitila mai jan haske, irin na ɗaki, yana wajen 2700. Hasken rana tsaka yana wajen 5500. Ranar da gajimare ya rufe sama yakan kai 6500 ko fiye, sai ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Idonmu ba ya damuwa da wannan, domin ƙwaƙwalwa tana gyarawa da kanta: farar takarda fara muke ganinta ko da rana ko a ƙarƙashin fitila. Kyamara kuwa cinta take yi, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Ko ƙwaƙwalwar ma tana iya ruɗewa. Wataƙila kin tuna hoton wata riga da ya raba kan jama'a a intanet a watan Fabrairun 2015, wasu suna rantsuwa fara ce da ruwan gwal, wasu suna cewa shuɗiya ce da baƙi. Rigar ta kamfanin Roman Originals ce a Birtaniya, kuma ainihinta shuɗiya ce da baƙi. Haske ne ya yi wa hoton yawa, launin hasken kuma bai daidaita ba, sai kowa ya cike gurbin da nasa zaton. Idan shuɗi zai iya komawa fari a idon miliyoyin mutane, ruwan ƙasa ya koma ruwan zuma ai ba abin mamaki ba ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta kyamara da ta shafe ku ku biyun. An ƙera ta ne ta riƙa ƙoƙarin mayar da duk abin da ta gani tsaka-tsaki, kada ya yi duhu, kada ya yi fari. Idan aka cika mata ido da abu mai duhu, kamar jakarki a kan baƙin shimfiɗa, sai ta ɗauka duhu ya yi yawa ta ƙara haske, ruwan ƙasa mai duhu ya washe. Idan kuma aka ɗora kaya a kan farin zanen gado, sai ta ga fari ya yi yawa ta rage, zanen ya koma ruwan toka, jakar ta nutse cikin duhu. Ina kyautata zaton wannan na biyun shi ne ya riƙa samun hotunanki na waya, ga kuma dare, ga jan kwan fitila. Shi kuwa ƙanin mijinki, zatona ya ƙara haske da gangan wajen tace hoton, ya ɗan ja launin zuwa ɗumi-ɗumi, ya ƙara masa kauri don ya ɗauki ido. A hoton mutum wannan gyara yana da kyau, ba wanda zai yi ƙorafi don an sa fuskarsa ta yi haske. A hoton kayan sayarwa kuwa, launi yana cikin abin da aka biya.

Masu ɗaukar hoton kaya suna da magani mai sauƙi, wani ɗan kati ruwan toka da ake kira katin kashi 18. Ana ɗora shi kusa da kayan a hoton farko, a cikin hasken da za a yi aiki da shi. Wajen tacewa sai a taɓa katin a shaida wa kwamfuta cewa wannan ruwan toka ne tsantsa, ita kuma ta daidaita sauran launuka a kansa. Ki tambaye shi ko ya yi amfani da shi. Ki kuma roƙe shi ya fitar miki da hotunan a tsarin launi na sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, domin shi ne wanda wayoyi da shafukan intanet suka saba da shi. Hoton da aka fitar a wani tsarin yana iya yin daidai a kwamfutarsa ya zo ya sauya kama a wayar mai saye. Duk da haka fuskokin waya sun bambanta, wata tana ƙara wa launi kauri, wata an kunna mata yanayin dare tana jan komai zuwa rawaya. Wannan ba ya hannunki. Abin da ke hannunki shi ne ki rubuta sunan launin a fili a ƙarƙashin hoto: ruwan ƙasa mai duhu, ba ya sheƙi sosai. Rubutu ba ya sauyawa daga waya zuwa waya.

Maganar girma kuwa ba ta da wuya. Idan aka cika hoto da kaya, 'yar jakar hannu da jakar tafiya duk girmansu ɗaya a fuskar waya. Ki sa hoto ɗaya wanda mutum ya rataya jakar, ko da daga kafaɗa zuwa gwiwa ne kawai ba fuska. Ki sa wani da jakar a buɗe, ga waya da makullai a ciki, mai kallo ta ga abin da za ta ci. Sannan ki ɗauki tef ɗin awo ki rubuta tsawo da faɗi da zurfi da santimita, har da tsawon igiyar ratayawa. Da an yi haka, da ta biyar ɗin nan ba ta dawo da kaya ba.

Kin tambaye ni ki koma wa waya ko ki ci gaba da hotunansa. Ni ban ga dalilin zaɓen ɗaya ba. Wayar ba ita ta ci amanarki ba, dare da gado ne. Mai ɗinka sabuwar jaka kowane mako ba za ta iya jiran sutudiyo duk lokacin da ta yanke zare ba, dole ta iya ɗaukar hoto mai tsabta da hannunta.

Ki nemi taga mafi girma a gidan, wadda rana ba ta faɗowa kai tsaye ta cikinta a lokacin da za ki yi aiki. Idan tana faɗowa, ki rataya farin labule marar kauri. Dalili shi ne, gwargwadon faɗin inda haske yake fitowa, gwargwadon laushin inuwarsa. Filashar waya 'yar ɗigo ce, shi ya sa take barin baƙar inuwa da farin tabo a kan fata. Taga kuwa faffaɗa ce, haskenta yana lulluɓe kaya a hankali. Ki kashe filasha, ki kashe kwan ɗakin ma. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: suna ganin ƙara fitila a kan hasken taga zai ƙara kyau, alhali sun haɗa haske biyu masu launi daban, gefe ɗaya na jakar ya yi ja, ɗayan ya yi shuɗi, kuma da wuya a gyara duka biyun a lokaci guda wajen tacewa.

Ki jawo tebur kusa da tagar yadda hasken zai zo daga gefe. Kusancin yana da muhimmanci, domin haske yana raguwa da sauri idan aka yi nisa da inda yake fitowa. Fitila ma idan kika ninka nisanta da kaya, abin da zai iso kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Ki sami babbar farar takarda mai kauri, ki manna bakinta ɗaya a bango, ki bar sauran ta gangaro kan tebur a lanƙwashe ba tare da kin karya ta ba, ta haka ba za a ga layin da bango ya haɗu da tebur ba. A ɗaya gefen jakar, wanda ba ya kallon taga, ki tsayar da farin kwali. Zai mayar da haske ya cike inuwar. Ki matso da shi ki ja da shi baya kina kallon waya, za ki ga yadda ɗinkin gefen yake fitowa yana ɓacewa. Kada ki kashe inuwar gaba ɗaya, ita ce take nuna jakar tana da jiki, ita ce kuma take fito da ƙwayar fata.

Ki cusa wa jakar takarda ta tsaya da siffarta, ki goge ƙura da shatin yatsu daga ƙarfen maƙalli, ki yanke duk zaren da ya leƙo. Minti biyar na wannan ya fi awa guda na tacewa. Ki goge idon kyamarar wayar da ƙyalle mai laushi. Na sha ganin wadda take shirin sayen sabuwar waya, ashe maiƙon hannu ne ya dusashe mata hoto.

Kada ki kusanto da wayar har ta kusa taɓa jakar. Babban idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, idan kika matso sai abin da ke kusa ya kumbura, gefuna su karkace, jaka mai kusurwa huɗu ta yi ciki kamar tulu. Ki ja da baya ki danna alamar zuƙowa ta 2x, ko 3x idan wayarki tana da shi. Ƙwararru ma saboda wannan dalili suke ɗaukar kaya da idon kyamara mai zuƙowa, na milimita 85 zuwa 100, daga ɗan nesa. Wayar ta tsaya daidai tsakiyar tsayin jakar, kada ta leƙo ta daga sama. Ki ɗora ta a kan mariƙi mai ƙafa uku, idan babu ki jingina ta da tarin littattafai, ki sa mata ƙidayar daƙiƙa uku don kada taɓawar yatsanki ta girgiza ta. Ki danna kan jakar a fuskar wayar ki riƙe har ta kulle saitinta a kan jakar, sannan ki ja alamar hasken sama ko ƙasa har launin da ke waya ya yi daidai da na jakar da ke gabanki. Jakar ce alƙali, ba takardar baya ba. Yanayin nan da ke dusashe baya, wanda ake ɗaukar hoton mutum da shi, ki bar shi, yakan cinye igiya da bakin zif. Filta kuwa ko kusa.

Idan dole sai da dare za ki yi aiki, ki nemi fitilar LED da aka rubuta 5500K a jikinta, da kuma CRI 95 ko sama. Wannan lamba ta biyu tana nuna yadda fitila take fito da launi a kan gaskiyarsa, kuma ƙarshenta 100 ne. Fitilu marasa inganci sukan gaza wajen ja, fata mai ruwan ƙasa kuwa akwai ja a cikinta, sai ki ga ta fito fayau kamar marar lafiya. Ki sa farin ƙyalle tsakanin fitilar da jakar, da ɗan tazara, don ya yi miki aikin taga.

Kowace jaka ki ɗauki gabanta da bayanta da gefenta da ƙasanta da cikinta, sai hoto ɗaya na kusa da ke nuna ɗinki da ƙwayar fata. Wannan na kusan ki ba shi haƙƙinsa, domin a nan aikin hannunki yake, a nan ne mai saye za ta gane bambancinki da kayan inji. Idan fatar tana da ɗan tabo na halitta, ko wani sashe ya fi wani duhu, ki nuna shi ki kuma faɗa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda ta ga tabon ta saya ba za ta dawo da kaya ba, wataƙila ma shi ne ya tabbatar mata fatar gaske ce. Ki ƙara da ɗan bidiyo na daƙiƙa goma kina juya jakar a hannu kusa da taga. Bidiyo yana nuna sheƙin gaskiya, domin haske yana yawo a kan fatar, ga hannunki kuma yana nuna girma.

Saura ƙanin miji, wanda na san shi ne ya fi tsaya miki a rai.

Ki fara sanin inda yake da gaskiya, don kada ki je da abin da za a kayar da ke. A dokokin ƙasashe da yawa, waɗanda suka bi yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka, hoto aikin fasaha ne mai kariya, kuma galibi na wanda ya ɗauka ne sai idan an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Biyan kuɗin aiki ba kullum yake nufin an sayi mallakar hoton ba. Ƙin ba da ɗanyen hoto, wanda suke kira RAW, shi ma abu ne da masu sana'ar suka saba, kamar yadda ke ma ba za ki miƙa wa mai saye jakar da ba ki gama ɗinkewa ba. Kuma ba ki buƙatarsa. Abin da kike buƙata shi ne gamammen hoto mai cikakken girma, babu tambari a kai, tare da izininsa na ki yi amfani da shi wajen sayar da kayanki a duk inda kika ga dama. Wannan kam haƙƙinki ne ki nema, tunda don shi kika biya. Tambari a tsakiyar hoton kaya yana tallata mai hoto ne a kan kuɗin mai kaya, kuma kin ji yadda Amazon ma ba ya karɓa. Ki yi masa tayin abin da ya fi masa amfani: za ki rubuta sunansa a ƙarƙashin kowane hoto, duk mai so ta same shi.

Ga kuma labari mai daɗi. Idan da RAW ya ɗauka, ba sai an sake ɗaukar komai ba. Irin wannan hoto yana riƙe da bayanan launi da haske yadda za a iya komawa a daidaita su ba tare da hoton ya lalace ba. Aikin zama ɗaya ne a gaban kwamfuta.

Kada ki yi maganar ta waya, kada kuma ki aika maigida. Ki shaida wa maigidan abin da za ki je yi don kada ya ji daga baya, amma idan kika sa shi a tsakiya, zancen launi zai koma zancen wa da ƙani. Ki ɗauki jakar nan mai ruwan ƙasa ki je sutudiyon da kanki, ki ajiye ta kusa da kwamfutarsa, hoton yana buɗe. Gani ya kori ji. Ki fara da yabon da ya cancanta, tunda gaskiya ne hotunansa suka ɗaga miki ciniki. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Malam, hotunanka sun kawo mini kasuwa, amma mutum biyar sun dawo da kaya, yawancinsu saboda launi. Ga jakar, ga hoton. Taimaka mini mu mayar da shi yadda take, masu kwalliyar kuma in riƙa sa su a matsayin talla." Ba ki ce bai iya ba, kin ba shi matsala irin ta masu sana'a ya warware. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Idan ya sake cewa hoto dole ya fi kaya kyau, ki tambaye shi cikin raha wa zai biya kuɗin dawo da kayan. Idan duk da haka ya kafe, ki gode masa ki tashi lafiya, kada ki ja. Zumuncinku yana nan, aikin hoto kuma ki kai wani wuri ko ki yi da kanki. Ba dole ne duk ɗan uwa ya zama abokin kasuwanci ba.

Nan gaba, ko da shi ko da wani, ku rubuta abin da kuka shirya kafin a kunna fitila, ko da a saƙon WhatsApp ne: jaka nawa, hoto nawa kowace, babu tambari, launi ya bi na kaya, gyara sau ɗaya kyauta idan bai bi ba, da inda aka yarda ki yi amfani da hotunan. Ki ce a fara da jaka ɗaya ki gani ki amince kafin a ɗauki sauran. Da ɗan uwa ma rubutun ya fi zama dole, domin shi ne wanda kike jin nauyin tuna wa abin da ya faɗa. Idan zai turo miki hotunan ta WhatsApp, ya turo su a matsayin fayil, don idan aka tura su a matsayin hoto manhajar tana matse su ta rage musu inganci, ki zo ki ɗora a Instagram a sake matsewa, ɗinkin da kika sha wahala a kai ya narke.

Inda kuɗin ƙwararre yake biyan kansa shi ne kayan da ke mayar da haske kamar madubi, wato gilashi, agogo, sarƙa, ƙarfe mai sheƙi, inda komai na ɗakin har da mai ɗaukar hoton yake fitowa a jikin kayan. Haka nan idan za ki fitar da sabon zubi kina son hotuna biyu ko uku da za su tsayar da mai wucewa. Jakar fata ta yau da kullum, taga da farin kwali sun ishe ta.

Ita kuma wadda ta kira ki macuciya, kada ki goge rubutunta, kada ki kuma tanka mata da zafi. Masu karantawa ba ita suke aunawa ba, ke suke aunawa. Ki amsa a wurin da ta rubuta, a gajarce: kin yi gaskiya Hajiya, hoton ya fi jakar haske, kuskurenmu ne, mun sauke shi, kuɗinki kuma za su dawo miki yau. Sai ki tura mata kuɗin a ranar, ki bi ta da saƙo na sirri ki ba ta haƙuri. Sauran huɗun ma ki yi musu haka ko ba su nema ba. Idan sabon hoton ya fito, ki ɗora shi tare da ɗan bidiyon nan na bakin taga, ki rubuta launi da awo a ƙasa. Masu odar da ba ki riga kin aika musu ba, ki tura wa kowace sabon hoton kafin ki naɗe kaya, ki tambaye ta ko har yanzu tana so.